Jirgin Gado Ba A Sa Shi A Ruwa Da Gaggawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni. Yau zancena a kan jirgin su ne, watau kwale-kwale, musamman wanda mutum ya gada bayan ya daɗe a tudu ba ya aiki.

Na san wani zai ce, me ya haɗa mutumin Funtuwa da jirgin ruwa? Yana da gaskiya. Mu manoma ne, an san mu da auduga da masara da dawa. Jirgin da kakanninmu suka sani shi ne na ƙasa, wanda ya ratsa ta Funtuwa daga Zariya ya kai Kauran Namoda a 1929, yana kwasar audugar da aka gurza. Ƙasarmu tudu ce, ruwa ba ya zama a cikinta, gangarawa yake yi. Gulbin Sakkwato ma nan kusa da Funtuwa ya faro, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya wuce Argungu, kana ya faɗa Kwara. Watau ruwan da ya zuba a gonakinmu, Kabawa ne suke su a cikinsa. Su kuwa sun gaji ruwa kaka da kakanni, har bikin kamun kifinsu ya shahara tun daga 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu.

Mu sai da aka datse rafuka aka yi madatsun ruwa, waɗanda mutane ke kira dam, kamar na Mairuwa da na Gwaigwaye a ƙasar Funtuwa, da na Malumfashi, da na Zobe wajen Dutsin-ma wanda aka gama a 1983, sa'an nan ruwa mai zurfi ya zauna a ƙofarmu rani da damina. Baƙin masunta suka zo da jirage da taru, waɗansu manomanmu suka koya a wurinsu, suka mai da su sana'ar rani. To, waɗannan manoma da suka fara koyo yanzu sun tsufa, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, jiragensu suna nan kife a bayan rumbuna. 'Ya'yansu sun gaji katakon, amma ba duka suka gaji sanin ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ni ma ina cikinsu. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yakan yi su a Mairuwa in an gama kaka. Ya rasu ya bar jirgi na alluna, tsawonsa ƙafa 16, wanda ya yi shekara 7 kife a gindin mangwaro. Bana ƙanena, wanda ya yi aure har ya sami haihuwa, ya ga gonar da ta zo hannunsa ba za ta ci da shi shekara ba. Ya same ni ya ce, "Yaya, ina so in ta da jirgin Baba." Na ce ya yi tunani mai kyau, amma da sharaɗi: ba zai taka shi a ruwa ba sai mun bi shi gaɓa-gaɓa, kuma sai da idon wanda ya fi mu sani. Ga yadda muka yi, ko ya amfani wani.

Da fari muka gyara zancen gadon kansa. Sa'ad da aka raba abin da mahaifinmu ya bari, magada suka yarda a bar jirgin haka nan sai ran da wani ya bukace shi. To, ga ranar ta zo. Muka kira dattawa biyu da wani tsohon masunci, abokin mahaifinmu, suka yi wa jirgin ƙima yadda yake, tun ba a buga masa ƙusa ko ɗaya ba. Na rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, aka yanka wa ƙanena lokacin da zai biya mahaifiyarmu da 'yan'uwanmu mata rabonsu. Jama'a, kada ku rena wannan. Jirgin da ke kife ba mai kallonsa, amma ran da ya fara kawo kifi, ran nan kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki. In ba a yi ƙima kafin gyara ba, ba mai iya rarrabe kuɗin gado da kuɗin mai gyara, daga nan zumunci yake lalacewa.

Bayan wannan muka ɗaga jirgin muka ɗora bisa duwatsu, muka share shi, muka kankare tsohuwar kwalta, don datti yana ɓoye aibi. Tsohon nan ya ɗauki 'yar guduma yana bin kowane allo yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Ya ce mini, "Ɗana, itace mai lafiya amsawa yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi buhu." Inda bai gamsu da amon ba, sai ya soka tsinin wuƙa. In ta tsaya a baki, lafiya. In ta nutse kamar cikin sabulu, sai ya zana da alli. Wurin da ya fi ɓaci shi ne bakin jirgin da ya daɗe yana taɓa ƙasa, can gara ta shiga ta cinye ciki ta bar bayan sumul, wanda ya duba da ido kawai sai ya rantse ba abin da ya same shi. Muka sami alluna biyu da gara ta ci, da ɗaya daga cikin itatuwan da ke gicciye a ciki, waɗanda suka riƙe alluna kamar haƙarƙari.

Ƙanena ya ce, ko a lulluɓe wurin da langa-langa a shafe da kwalta, yadda ake yi? Tsohon ya girgiza kai ya ce langa-langa maganin tsaga ce a jikin itace mai ƙwari, amma ƙusa ba ta kama ruɓa. Saboda haka muka kira kafinta ya cire su duka uku ya sa sababbi. Masu jirgi sun fi son maɗaci da kawo, don suna jure ruwa, ƙwaro kuma ba ya saurin kama su, sai dai yanzu sun yi wuya a dazukanmu, tilas a nema a kasuwar katako. Abin lura shi ne a sayi wanda ya bushe, marar ƙulli, marar tsaga. Ƙusoshi kuma muka bi su ɗaya-ɗaya. Duk wadda itacen da ke kewaye da ita ya yi baƙi, alama ce ruwa ya shiga ta yi tsatsa, kanta yana nan amma cikinta ya sirance kamar allura. Irin waɗannan aka zare, aka buga sababbi masu farin shafe, waɗanda ba su saurin tsatsa, kowace a sabon wuri kusa da tsohon rami, ramin kuma aka toshe shi da ɗan itace.

Yanzu ga babban abin da nake so masu karatu su riƙe. Da muka kifa jirgin muka leƙa ta ƙarƙashi, sai ga hasken rana yana shigowa ta kowane haɗi, wani wurin har wuƙa tana wucewa. Wanda bai sani ba sai ya ce jirgi ya mutu. Ba haka ba ne. Kowa ya san ƙyauren ɗakinsa yakan cije da damina, da hunturu kuwa ya saki har iska tana shiga. Dalili shi ne itace yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kuwa kusan ba ya sakewa. To, jirgin da ya sha hunturu bakwai a tudu, kowane allo nasa ya tsuke, haɗi ya buɗe. Aikin mai gyara shi ne ya cike haɗin da abin da zai bar wa itace wurin kumbura.

A nan ne audugarmu ta yi rana. Mahaifiyarmu ta ba mu gurzajjiya, muka murza ta kamar lagwani, tsohon ya riƙa cusa ta cikin haɗi da bakin ƙarfe marar kaifi, yana bugawa sannu-sannu. Ya gargaɗe mu kada a danƙara ta da ƙarfi, don in itace ya kumbura bai sami wuri ba, sai ya ture ƙusa ko allo ya tsage, gyara ya zama ɓarna. Da aka gama aka narka kwalta a tsohuwar garwa, can nesa da danga da rumbu, aka kori yara. Kwalta mai zafi ba ta son ruwa, ɗigo ɗaya in ya faɗa ciki sai ta yi tsartuwa ta ƙona mutum, ba ta kuma kama jiƙaƙƙen itace. Saboda haka da rana tsaka aka shafa ta, haɗi-haɗi tukuna, kana bayan jirgin duka. Aka bar ta kwana biyu ta sha iska.

Sa'an nan muka ɗora shi a amalanke muka kai bakin dam. Kafin mu sauke, sai da muka je muka gai da Sarkin Ruwa na wurin muka gaya masa ɗan wane zai hau sana'ar ubansa. Wannan ladabi ne, amfani ne kuma, gama shi ya san inda kowa ke kafa tarunsa, shi ne kuma zai tara mutane in wani abu ya faru. Ya sa albarka, ya nuna mana wuri marar zurfi. Can muka tura jirgin, muka ɗora masa duwatsu ya nutse, ruwa iyakar gwiwa, muka ɗaure shi a turke. Ƙanena ya ƙosa, yana ganin abokansa suna fitowa da karfasa da tarwaɗa, shi kuwa nasa jirgin yana kwance cikin taɓo. Tsohon ya ce masa, "Wanda ya jira shekara bakwai, kwana biyar ba za su gagare shi ba."

Ran na shida muka kwashe duwatsu, muka kwalfe ruwan, jirgi ya taso. Muka goge cikinsa da tsumma, muka bar shi ya kwana a kan ruwa ba kowa ciki. Da safe muka tarar ruwa ya taru kamar cikin ƙwarya biyu, muka bi sawunsa har muka ga inda yake tsattsafowa, wajen goshi. Aka fito da shi aka ƙara auduga da kwalta a wurin. Kwana na biyu abin da ya shiga bai cika moɗa ba. Jirgin katako ba ya rasa ɗan gumi, amma akwai bambanci tsakanin gumi da yoyo: gumi yana raguwa kullum, yoyo kuwa ƙaruwa yake yi.

Saura gwajin nauyi, a nan kuwa lissafin da muka koya a makaranta ya yi amfani. Wani masani na ƙasar Girka, Arkimidis, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya bayyana cewa abin da ke bisa ruwa, nauyinsa daidai yake da nauyin ruwan da ya ture. Watau kowane kaya ka ƙara wa jirgi, sai ya ƙara nutsewa ya ture ruwa gwargwadon kayan, har ran da bakinsa ya kai ruwa, shi ke nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 in an cika ta, kilo 25 ke nan, uku sun yi nauyin babban mutum. Muka ara jarkoki 9, muka cika, muka jera a ciki: shida a madadin mutum biyu, uku a madadin jiƙaƙƙen taru da kifi. Muka tura shi da doguwar igiya, muna tsaye a gaɓa, muna girgiza shi hagu da dama. Ya wuni haka, haɗi bai buɗe ba. Na auna abin da ya rage tsakanin bakinsa da ruwa, ya fi taƙi ɗaya. Na sa fenti na ja layi a jikinsa daidai inda ruwa ya tsaya, na ce wa ƙanena, duk ran da ruwa ya rufe layin nan, a rage kaya ko a rage mutum. In jirgi zai ba da kunya, gara ya ba da ita da jarka a ciki.

Kada wani ya ce na cika tsanani. Ku tuna ran 26 ga Mayu 2021, jirgin katako cike da 'yan kasuwa ya tsage a tsakiyar Kwara kusa da Warra ta Jihar Kebbi, mutane masu yawan gaske suka halaka. Ku tuna kuma ran 30 ga Nuwamba 2021, a dam ɗin Watari na ƙasar Bagwai ta Jihar Kano, jirgi ya kife, aka rasa aƙalla rai 29, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Na biyun nan ba a babban kogi ya faru ba, a dam ne irin namu. Ajali na Allah ne, ba mai musu, amma shi ne kuma ya ba mu hankali. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kayan aiki ma sai da muka duba. Filafilin mahaifinmu ya tsage, aka sassaƙa biyu, don in ɗaya ya suɓuce kada a zauna ana kallon ruwa. Aka nemo doguwar gwangwala ta tura jirgi. Aka yanka galan aka ɗaure shi da igiya a jikin jirgi don kwalfe ruwa, gama ruwan da ke yawo a cikin jirgi mugun fasinja ne, duk gefen da jirgi ya karkata can yake rugawa ya ƙara masa nauyi. Muka ɗaure jarkoki biyu marasa kome, rufaffu gam, a ƙarƙashin mazauni, don ko jirgi ya cika da ruwa a sami abin riƙewa. Na kuma sayo rigar ruwa biyu da kuɗin aljihuna. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai babban ofis a Lokoja, ta daɗe tana kira a sa wannan riga, a bar lodin da ya wuce kima, a bar tafiyar dare. Waɗansu suna jin kunyar sa ta wai kada a ce ba su iya ruwa ba. Amma gwanin iyo ma in taru ya naɗe masa ƙafa, ko jirgi ya buge shi a ka, gwanintarsa ba ta da amfani.

Tarun da muka gada kuwa, ɓeraye sun yi gida a ciki, zaren kuma ya mutu, ana ja yana tsinkewa. Muka cire darma da 'yan abubuwan da ke ta da shi sama, muka ɗaura wa sabo. Wajen sayen sabon na gaya wa ƙanena dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, ta 1992, wadda ta hana taru mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3, ta kuma hana su da guba ko nakiya ko lantarki. Hikimar dokar a fili take. Dam ba kogi ba ne da kifi zai riƙa zuwa daga wani wuri. Wanda ya ja gidan sauro ya kwashe 'ya'yan kifi bana, irin shukarsa ya dafa ya ci, manomi kuwa ya san ma'anar wannan.

Akwai wani abu kuma da ba a gani da ido. Aikin nan ya sa mun yi kwanaki muna tsaye cikin ruwan gaɓa, inda ƙananan katantanwa suke, su ne kuwa ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ke shiga ta fata. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila suka yi bincikenta a ƙasar Malumfashi. Tana da magani. Duk masuncin da ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, kada ya ce alamar balaga ce ko zafin rana.

Ranar fita ta fari tsohon ne ya zaɓa. Ya ce ba a fita da hazo mai kauri, don mutum ba ya ganin gaɓa. Ba a fita da la'asar a farkon damina, don hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi kafin a ankara. Ba a kuma kusantar inda ruwa ke tsallake madatsa in dam ya cika. Muka sami safiya mai tsit. Tsohon ya zauna a baya da filafili, ƙanena a gaba, kowa da rigarsa, wani jirgi yana biye da su, ni da yara muna gaɓa. Ba su yi nisa ba. Tsohon ya yi ta nuna masa wurare da baki: nan akwai kututturen ɗorawa tun kafin ruwa ya ci gonar, nan tsohuwar hanyar rafi ce, zurfi gare ta, nan laka ce mai riƙe gwangwala. Waɗannan abubuwa ba a rubuce suke ba, suna cikin kan tsofaffi ne kaɗai. Da hantsi suka komo da karfasa 11 da tarwaɗa 2. Ba a sayar da ko ɗaya ba. Aka kai wa Sarkin Ruwa, aka ba tsohon nasa, sauran aka kai wa mahaifiyarmu ta raba wa 'yan'uwa. Daga ranar da muka ɗaga jirgin zuwa ran nan, kwana 23.

To, jama'a, ga roƙona. Ku malaman makaranta na garuruwan da ke bakin dam, ku koya wa yara lissafin jarkar nan, ba shi da wuya, wata rana zai tsare rai. Ku malamai masu raba gado, in kun ga jirgi cikin kayan mamaci, ku sa a yi masa ƙima, ku kuma yi wa magaji nasiha kada ya ɗauki kowa a ciki sai ya gwada shi. Ku 'yan'uwana akawuna, da yake alƙalami yana hannunmu, mu zauna da tsofaffin masunta tun suna raye, mu rubuta abin da suka sani na kowane ruwa, da kututturansa da zurfinsa da iskarsa. Allo in ya ruɓe kafinta yana sake wani, amma tsoho in ya tafi da saninsa ba kasuwar da za a sayo shi.

Ina kuma roƙon masu karatu na Yawuri da Argungu, waɗanda suka fi mu sanin ruwa nesa ba kusa ba, in akwai dabarar da suke yi wa tsohon jirgi wadda ta fi wannan, su rubuto wa Edita mu ƙaru, matambayi ba ya ɓata.

Allah ya tsare masu shiga ruwa, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Funtuwa.